Takarda Uku, Ƙafa Ɗaya

Ku matso kusa, ku aje abin da ke hannunku, ku ba ni kunne. Ba tatsuniya zan yi muku ba, don mai tatsuniya in ta gama dariya take yi ta tashi. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ba. Ɗiyata Zalika ce ke riƙe da alƙalami, na kuma ce mata kar ta gyara mini baki. Labarin ƙafar ɗana ne, da takarda uku da aka rubuta a kanta, da shirun da na yi ranar da ya kamata in yi magana.

Shi ne ɗana na fari. Ku da kuka tashi yanzu ba ku san nauyin wannan ba. Mu nan ƙasar Bazaga, yadda muka iske iyayenmu, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ranar da aka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ita yake ce wa Inna. Ni kuwa Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannen ubansa suna faɗa. Shekara arba'in da shida muna gida ɗaya, ban taɓa ɗora sunansa a harshena ba. In zan ba shi fura sai in miƙa wa wani in ce, "Kai wa wancan." Da ya auri Hajo suka haifi Rabi, na samu sauƙi, na koma cewa uban Rabi. Amma ko cikin mutum ashirin ya shigo zaure, na san takunsa.

Da rani Malbaza yake tafiya lodin siminti, da damina ya dawo gona. Buhu ya ci masa gwiwar hagu, ya daɗe yana ɗan ɗingishi, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba, wani lokaci yakan tsaya cak ya dafe ƙirji, ya yi ta haki kamar wanda ya yi gudu, sannan ya wuce. Na gani sau da yawa ta tsakanin karan danga. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa, a ce ina kallon ɗan fari?

Da kaka ne abin ya faru, shekara biyu bayan yunwar nan da fara ta kawo. Ranar Talata, an fito sallar asuba, rana ba ta ɓullo ba tukuna. Ina kwance awaki, shi kuma yana ɗaura wa jaki amalanke zai je kwaso dammunan gero. Sai na ji ya ce "Wash!" ya zauna daɓas a ƙasa, ya kama ƙafar hagu da hannu biyu. Ya ce, "Yaya, kamar an sare ni da gatari."

Na duba gabas, na duba yamma. Ba kowa. Na je na durƙusa na taɓa ƙafar. Tun da aka yaye shi hannuna bai taɓa jikinsa ba sai ranar. Sanyi ƙalau, kamar gindin randa. Na taɓa ta dama, da ɗuminta. Tafin ta hagun ya yi fari fat kamar an shafa masa toka. Kuma ba gwiwar da ya saba kuka da ita ya riƙe ba, ƙwabri ne har zuwa yatsu.

Na ƙwala wa Hajo kira. Da mutane suka taru, sai na ja baya na koma wajen awakina.

Mai gidana ya riga mu gidan gaskiya, don haka ƙaninsa Nomau ne babba a gidan. Ya zo ya duba ya ce sanyi ne ya shiga tsohon ciwo. Wata maƙwabciya ta ce a'a, wani abu ya taka a gona. Mata suka soya rairayi a kasko, suka ƙulle a tsumma suka yi ta gasa ƙafar, suka ɗora ta kan turmi. Da zuciya ɗaya suka yi, Allah ya gani. Tsumman yana ƙona hannun mai riƙe shi, amma shi bai ce uffan ba, don bai ji ba. Aka kira wanzami ya yi tsaga uku a ƙwabri. Jini bai fito ba. Ya ƙara ɗaya, ya matsa, ba komai. Sai ya naɗe kayansa ya sa a zabira, Nomau ya miƙa masa lada ya ƙi karɓa. Ya ce, "Malam Nomau, wanga ba aikina ba ne. Ku kai shi asibiti yanzu."

A amalankensa muka ɗauke shi. Mun isa ƙaramin asibitin da ke kusa da mu hantsi bai gama ba. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, yaro ne mai ladabi, ga mata masu goyo sun cika baranda suna jiransa. Ya sa muka sayi karne, ɗan littafin nan da ake rubuta ciwo a ciki. Ya buɗe ya ce, "Tun yaushe ƙafar ke ciwo?"

Nomau ya gyara riga ya ce, "Ai ta daɗe. Tun kafin shuka yake ɗingishi. Dakon siminti ne."

Shi mai ciwon ya rufe ido yana cizon leɓe. Hajo tana bayan surukinta, ba ta da bakin magana, kuma ba ta ga farkon abin ba. Ni ina bakin ƙofa. Ni kaɗai na san ba ciwon da ba ne, wani ne sabo da bai yi rabin wuni ba. Majo ma ya ɗago ya dube ni ya ce, "Inna, ke ce uwarsa?"

Na ja mayafi na kau da kai.

Nomau ya yi dariya ya ce, "Ɗan fari ne, majo. Ko ka yanka ta ba ta amsawa."

Kowa ya yi dariya, har matan baranda. Wata ta ce, "Wannan ita ce tarbiyya, ba ta yaran yanzu ba." Ku ji ni da kyau, a lokacin har daɗi na ji an yabe ni. Majo ya rubuta abin da aka gaya masa, ya wanke inda rairayi ya ƙona, ya ba mu ƙwayoyi da man shafawa, ya ce mu dawo bayan kwana uku. Takarda ta farko ke nan. Ta ce tsohon ciwon gwiwa, wata huɗu.

Laraba ya wuni yana birgima. Alhamis yatsun suka daina motsi. Da la'asar ranar ya ce zafin ya ragu, gida ya ɗauki hamdala, Nomau ya ce ai ya faɗa, man shafawa ya kama. Ni na leƙa ta ƙofa na ga fatar ta yi dabbare-dabbare kamar bayan zabo, sai na shiga bayan rumbu na yi kukana inda ba mai gani.

Juma'a wari ya fara. Muka sayar da akuya biyu muka shiga mota zuwa birni. A can aka karɓi karnen majo, aka duba, aka ga ciwon wata huɗu, aka nuna mana dogon layi tare da masu tari da masu ciwon ido. Mun zauna daga safe har aka sauko masallaci. Da muka isa gaba suka ce karnen can ba nasu ba ne, mu sayi nasu. Nasu kuma tambayoyinsa daban. Sunan gari, sunan uba, shekara nawa. Wata ma'aikaciya ta kwance tsumman ta ga bororon ƙuna, ta ce, "Wa ya ƙona shi?" Hajo ta ce su ne suka gasa. Matar ta yi mata faɗa tas, ta rubuta, ta naɗe ƙafar da farin ƙyalle. Takarda ta biyu ke nan. Ta ce ƙunar wuta. Ba wanda ya tambayi mi ya sa muka gasa tun farko.

Kwana biyu muna baranda a tabarma. Ba zan manta wata mai sayar da koko a bakin ƙofar asibitin ba, ba ta san mu ba, amma kullum sai ta cika mana kwano ta ƙi karɓar rabin kuɗin. Allah ya saka mata. Ranar Lahadi wani likita ya zo wucewa, wari ya tsai da shi. Ya sa aka kwance ƙyallen, ya danna yatsunsa a bayan gwiwa, ya danna a matsematsi. Ya faɗi wata kalma da har yau tana kunnena, gangaran, wai naman ƙafar ya mutu yana ruɓewa. Ya rubuta takarda ta uku, ya ce babban asibiti, yau ba gobe ba.

Likitan fiɗa na babban asibitin mutumin yamma ne, Bazabarme, dogo, Hausarsa a karkace amma ana ganewa. Ya duba ƙafar, ya sa abin sauraro a ƙirjin uban Rabi ya daɗe yana ji. Sannan ya kira mu ofishinsa, ni da Nomau da Hajo. Ya jera takardun nan uku a tebur.

Ya ce, "Takarda uku, ƙafa ɗaya. Wannan ta ce wata huɗu. Wannan ta ce wuta. Wannan ta ce ƙafa ta mutu. Ba wadda ta gaya mini yaushe jini ya tsaya. Wa ke wurin lokacin da abin ya fara?"

Nomau ya ce, "Likita, ai na gaya wa majo, tun kafin shuka..."

Ya ɗaga masa hannu. "Baba, kana wurin? Ka gani da idonka?"

Nomau ya ce a'a.

Na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Ni ce."

Nomau ya juyo ya ce, "Yaya!"

Ban dube shi ba. Na ce Talata ce, bayan asuba, rana ba ta fito ba. Na ce lokaci ɗaya ya zo, kamar sara. Na ce na taɓa, sanyi, ɗayar da ɗumi. Na faɗi tsagar wanzami da ba ta yi jini ba. Har dafe ƙirjin nan da nake gani ta danga shekara da shekaru na faɗa. Hajo tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba.

Likita ya jinjina kai. Ya ce zuciyarsa ce ba ta bugawa daidai. Jini yana daskarewa a cikinta, sai gudansa ya ɓalle ya bi hanya ya toshe ta ƙafa, yadda laka ke toshe hanyar ruwa a garka. Shukar da ke ƙasa ba ta mutuwa nan take. Ya ce, "Ƙafa tana iya jira kamar daga fitowar rana zuwa azahar. In an zo cikin wannan lokaci, wani sa'in mukan buɗe mu zaro gudan. Kuma ba a gasa ta, ba a ɗaga ta sama."

Na ce, "Likita, ka gaya mini gaskiya don Allah. Da na yi magana ranar Talata, da ƙafar tana nan?"

Ya ce, "Inna, hanya da nisa, ban sani ba ko da kun iso. Amma da majo ya san na safiyar ranar ne, da mota ya sa ku, ba man shafawa ya ba ku ba." Ya dafa karnen farko ya ce, "Kar ki ɗauka ke kaɗai. Takardar nan ma ba ta iya tambaya ba."

Ya ce sai an cire ƙafar daga saman gwiwa, in ba haka ba gubar za ta hau ta kashe shi cikin kwanaki. Da aka gaya wa uban Rabi ya juya fuska bango. Ya ce, "Da mi zan ɗauki buhu? Da mi zan bi jaki? Ku mai da ni gida, in koma ga Allah yadda ya aiko ni." Nomau ya goyi bayansa, ya ce a danginmu ba a taɓa binne mutum kashi biyu ba.

Na ce su fita. Nomau ya tsaya yana dubana, na sake cewa ya fita, ya fita. Na zauna bakin gadon. Ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Na ce, "Na yi maka shiru ranar Talata, ya ci ƙafarka. Ba zan yi maka shiru yau ya ci ranka ba. Rabi ba ta yi aure ba, ƙannenta uku. Ka bari a cire."

Ya juyo, hawaye na bin kunnensa. Ya ce, "To, Inna."

Ranar ya fara ce mini Inna.

Litinin aka yi aikin. Aka ba mu ƙafar a naɗe. Nomau da ya ƙi tun farko shi ya karɓa, shi ya nemi farin ƙyalle ya suturta ta, ya kai maƙabarta ya binne. Ya dawo bai ci abinci ba ranar. Ban riƙe shi a zuciya ba, abin da ya sani ya faɗa.

Sati na farko zazzaɓi ne. Yana sambatu, yana kiran jakinsa. Magani kuma sai a rubuto mu je waje mu saya, yau wannan kanti babu, gobe wancan ya ƙare. Sauran awakina suka tafi, sai tsohuwar da ba mai so. Mai gadin ƙofa ya hana ni shiga da kunu sau biyu don wai lokacin ziyara bai yi ba, na tsaya a rana har ya huce. Amma akwai wata ma'aikaciya 'yar Illela da ke wanke masa ciwon, hannunta kamar auduga, kullum sai ta ce, "Sannu Baba, saura kaɗan," ko da ba kaɗan ya saura ba.

Sati na biyu ya fara zama. Ni ke ba shi kunu da ludayi, gaban kowa. Rana ɗaya ya kurɓa ya ce, "Inna, ashe kin san na tsamiya nake so, ba na kanwa ba." Na ce, "Furar da ake kawo maka shekara arba'in, kana tsammani aljanu ke damawa?" Ya yi dariya har ɗinkin ya yi masa zafi. A gadon kusa akwai wani soja da ya karye a babur, mutumin gabas, bakinsa ba ya hutawa. In uban Rabi ya ce tafin ƙafarsa na ƙaiƙayi, wadda aka binne fa, sai sojan ya ce, "A aika Baba Nomau maƙabarta ya sosa maka." Da farko na ji haushi. Daga baya na gane dariyar nan ta fi rabin ƙwayoyin amfani. Saƙo kuma ya zo daga gida cewa mutanen unguwa sun yi gayya sun kwashe geronmu sun sa a rumbu.

A sati na uku likita ya aiko a kira ni. Na tafi da Hajo. Muka iske shi da wani babban littafi da tarin karne a gefe. Ya ce yana tattara labarin duk waɗanda jini ya tsaya musu a hannu ko a ƙafa aka kawo masa, yana so ya san su wa suka tsira da gaɓarsu, su wa suka rasa, kuma a ina aka makara. Ya ce ya kasa. Kowane asibiti da yadda yake rubutawa, wani ya sa kwana, wani bai sa ba, wani ma bai faɗi ko hagu ce ko dama ba. Ya ce, "Ba a gwada gero in kowa da girman tiyarsa."

Sai ya ɗauko takarda ɗaya mai gidaje-gidaje, ya ce ita yake so ta zama a hannun kowane majo, tambaya iri ɗaya ko'ina. Ya karanta mini. Wace gaɓa ce. Lokaci ɗaya ya zo ko a hankali. Da sanyi ko da ɗumi in an gwada da 'yar uwarta. Yatsu suna motsi. Yana jin taɓawa. Mi aka yi masa a gida. Wajen lokaci kuma bai sa ƙarfe kaza ba, don ya san ba mu da agogo. Asuba ya sa, da hantsi, da azahar, da la'asar, da magariba, da isha. Ya ce, "Ke kika koya mini wannan. Cikin duk waɗanda na tambaya, ba wanda ya ba ni lokaci daidai kamarki."

Ya ce in akwai abin da ya rage in faɗa. Na ce ni wa, da zan gyara takardar likita. Ya ce in dai faɗa.

Na ce, "To, kar majo ya tambayi babba. Ya tambayi wanda ya gani. In mace ce ya fitar da maza waje. Kuma kar ya ce mata ke ce uwarsa. Ya ce mata, mi kika gani."

Ya ɗauki alƙalami ya rubuta a saman takardar, da hannunsa, ina kallo.

Sannan ya ce zai cika ta farko da labarin ɗana, in faɗi sunansa. Na sunkuyar da kai. Ya dubi Hajo, ita ma ta sunkuyar, don mace ba ta kiran sunan miji. Ya yi murmushi ya ce, "Mata biyu da suka fi kowa sonsa a duniya, ba mai iya faɗin sunansa." Ya kwafa daga karne.

Bayan kwana arba'in muka koma gida da sanduna biyu da ƙwayar da ke tsinka jini. An ce ya sha kullum, kuma a riƙa dawo da shi ana auna jinin. Mun je sau biyu. Na uku ba abin hawa mota, ƙwayar ma ta yanke mana har sati uku kafin wani direban siminti, abokin aikinsa, ya samo mana. Ya koyi saƙar igiya, yana zama ƙofar gida yana yi. In na wuce sai ya ce, "Inna, zauna mana," in zauna. Tsofaffin unguwa suka yi ta magana, wai na zubar da kunya da tsufana. Na bar su. Wata bakwai na samu da ɗana, a cikin shekara arba'in da bakwai.

Ruwan farko ya sauka ranar Asabar. Lahadi da hantsi muna zaune yana murza igiya, yana cewa bana Nomau zai riƙe masa gona, sai igiyar ta faɗi daga hannunsa na dama. Bakinsa ya karkace. Ya dube ni yana so ya yi magana, ba ta fita.

Wannan karon ban duba gabas ba, ban duba yamma ba. Na yi kururuwa har ƙarshen gari aka ji. Na hana kowa kawo rubutu ko hayaƙi, na ce amalanke. Ni na shiga gaba wurin majo, Nomau yana bayana. Majon nan ne dai. Yana ganinmu ya jawo takarda daga aljihun tebur, na gane ta da gidajenta. Ta hannu da ƙafa ce, amma ya ce tambayoyin za su yi. Bai dubi Nomau ba. Ya ce, "Wa ya gani?"

Na ce, "Ni."

"Inna, mi kika gani?"

Na faɗa masa duka. Yau ne, da hantsi, lokaci ɗaya, hannun dama da baki, ba mu yi masa komai a gida ba, zuciyarsa ba ta bugawa daidai, ƙwayarsa ta taɓa yankewa.

Ya ce, "Sunansa?"

Baranda cike da mata, maza a bakin ƙofa. Yana kwance a gabana idonsa buɗe.

Na ce, "Sha'aibu."

Hannunsa na hagu, wanda ya rage da rai, ya kama bakin zanena ya damƙe. Ya ji. Wannan kam na tabbata ya ji.

Majo bai ɓata lokaci ba, da kansa ya tare mana mota. Mun isa babban asibiti kafin la'asar. Likita ya karanta takardar sau ɗaya, bai tambaye mu komai ba, don komai na ciki. Amma ya ce wannan gudan kai ya hau, inda wuƙarsa ba ta zuwa. Kwana biyu Sha'aibu ya yi, ranar Talata da safe ya cika, zanena a hannunsa.

Nomau ya riƙe gonar kamar yadda aka ce, har yau shi ke noma wa marayun. Ya tsufa, kuma in aka tambaye shi abin da bai gani ba, yanzu cewa yake a kira wanda ya gani. Hajo ta gama takaba ta ƙi komawa gidansu, tana nan ɗakin da ke kallon nawa. Rabi ta yi aure a Illela, ta haifi namiji aka sa masa sunan kakansa, na ce mata in ta yi masa kunya ban yafe ba. Wanzamin nan ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, shi ya fara gaya mana gaskiya. An canza wa majo wurin aiki. Likitan ma an mai da shi yamma, ban san ko takardarsa ta kai duk inda yake so ba. Na dai ji an ce wani mai haƙar rijiya daga wajen Malbaza an kai shi da wuri ya dawo da ƙafafunsa biyu. Ko ita ce ta yi aiki, ko kwanansa ne, Allah ya sani.

Ni kuwa ga ni. In kun ga hannu ko ƙafa ta yi sanyi lokaci ɗaya, ta yi fari, kar ku gasa, kar ku jira gobe. Ku riƙe lokacin da ya fara, ko da da sunan salla ne. Wanda ya gani shi zai yi magana, ko mace ce, ko uwa ce.

Takardun nan uku suna cikin kwallata, ƙarƙashin zanen da ya damƙe. Ban iya karanta su ba, amma na san abin da babu a cikinsu. Kowace safiya in na fito kwance tsohuwar akuyar nan, nakan tsaya inda ya zauna ranar, in kira shi sau ɗaya. Zalika ta ce in bari, mutane na ji. Na ce su ji.

Sha'aibu. Rubuta shi da kyau, Zalika. Sha'aibu, ɗana na fari.